Layin Bahijja

Duk wanda ya taɓa rajistar jarrabawa a Yakasai ya san Malam Isyaku mai kwamfuta, dogon Bafulatanin nan da ba ya dariya sai da dalili. Da keken rubutu ya fara sana'a, har zamani ya tura shi kan kwamfuta yana turjewa. Intanet kuwa 'yarsa Bahijja ce ta koya masa, da faɗa da lallashi.

Ita ta haɗa masa kwamfutar da layi biyu: na shago mai waya, da wani ɗan modem, na'urar intanet marar waya, da take yawo da shi a jaka, wanda ta sa wa sunanta. "Baba, in ɗaya ya ɗauke, ɗaya ya riƙe ka," in ji ta. Ko bayan ta yi aure, kullum da safe sai ta biyo ta shagon kafin ta wuce aiki. Tun tana bakin lungu kwamfuta za ta kama layinta, sunanta ya fito a kusurwar allo. Shi kuwa sai ya gyara hula ya ɗaure fuska, wai ba jiranta yake ba.

Ciwon 'yan kwanaki ya ɗauke ta. Da aka zo rabon gado aka baje komai nata har cokali, modem ya faɗa rabon mijinta Mikail. Malam Isyaku ya bar masa. Abin da shari'a ta raba, wa zai ja?

Wata safiya bayan sadakar arba'in, yana cikin aiki, sunan ya fito. Kafin ya miƙe, sunan ya ɓace. Washegari ma haka. Ya yi ta istigfari, don ya san wanda ya tafi ba ya dawowa, amma hannunsa bai daina kaiwa ga hula ba. Daga baya ya leƙa ya gane Mikail ne ke wucewa da modem a aljihu, kunyar suruki da nauyin rashi sun hana shi tsayawa. Sanin hakan bai rage masa komai ba. Tsoronsa ɗaya, kada wata safiya sunan ya ƙi zuwa.

Da maganar ta kai kunnen Mikail, sai ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, ya miƙa modem ɗin da hannu biyu.

"Baba, na ba ka halak malak. Ya zauna a nan."

Malam Isyaku ya dubi allo. Ga sunan nan ya tsaya cak, ba ya motsi, kamar rubutun allon kabari. Sai ya mayar wa Mikail da modem ɗin.

"Riƙe abinka, Mikail. Ita ba zama take yi ba, zuwa take yi. Ka dai riƙa biyowa ta nan da safe."