Shanun Baffa a Cikin Kwamfuta

A zangonmu na farko a makarantar da na yi a Dutse, wata malama ce ke koya mana rubuta wa kwamfuta umarni. A sati na biyar ta kawo mu kan abubuwa biyu: luf, wato a sa kwamfuta ta yi ta maimaita aiki ɗaya, da kuma sharaɗi, wato a ce mata idan kaza ne yi kaza, in ba haka ba yi kaza. Ta ce kowa ya je ya nemo wani abu daga gidansu ya gwada a kai.

Ni 'yar masu shanu ce daga wani ƙauye kusa da Miga, don haka ban yi dogon tunani ba. Na buga wa Inna waya, ta lissafo mini shanun da ake tatsa da yawan nonon da kowacce ke bayarwa. Na rubuta luf da zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan nonon saniya ya gaza kwano guda, sai kwamfuta ta rubuta "a duba lafiyarta". Kwana uku ina fama, kullum sai ya tsallake saniyar ƙarshe. Ranar da ya kai har kanta sai da na buga tebur don daɗi.

Ranar Juma'a na hau mota na tafi gida da laftof ɗin da na aro. Bayan la'asar na sami mahaifina, wanda muke kira Baffa, a gindin darbejiya yana tufka igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe, na karanta masa abin da ya fito. Shanu huɗu kwamfuta ta ware.

Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Wacce ta fara ambata?"

"Jar nan mai guntun ƙaho, Baffa."

"Lafiyarta ƙalau. Ciki ne da ita, ya tsufa. Dole nono ya ja baya."

Na faɗi ta biyu. Ya ce haihuwar fari ce, ba a haɗa ta da manya. Ta uku kuwa maraƙinta ya girma, ana shirin yaye shi. Sai da muka zo kan ta huɗu ya ajiye igiyar.

"Wannan kam na'urarki ta yi gaskiya. Tun shekaranjiya nake ganin ba ta tuƙa sosai."

Na so in rufe laftof ɗin don kunya, amma ya ce in zauna. "Ba laifinta ba ne. Tambaya ɗaya kika ba ta. Ki ce ta fara tambayar ciki, kafin ta tambayi nono."

Nan muka zauna, yana faɗa ina rubutawa, sharaɗi a cikin sharaɗi. In na sa wata tambaya a gaba ya ce a'a, waccan ce ke fara zuwa. Da na sake kunna shi, saniya ɗaya tak ya ware.

Ranar Litinin malama ta haska aikina a bango, ta daɗe tana dubawa. Ta ce ai ba mu zo kan jera sharuɗɗa haka ba tukuna, wa ya nuna mini? Na miƙe a gaban 'yan aji na ce, "Mahaifina ne. Makiyayi ne, bai taɓa taɓa kwamfuta ba." Da ƙarfi na faɗa.

Da na kira Baffa na ba shi labari, dariya ya yi. Ya ce an yi wa saniyar allura ta fara cin ciyawa, sannan ya ce in gaida malamar, in gaya mata duk ranar da ta biyo ta hanyar Miga ta tsaya ta sha nono.