Ruwan Rijiyar da Na Zubar

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Illiyasu ɗan ƙauyen Tajaye, wanda masu lambu daga Konni har Malbaza suka sani da Illiya mai gwangwani. Duk shekara in lokacin ya zagayo, abokan karatunmu sukan cika waya da hotonsa guda ɗaya tilo, wanda ya runtse ido saboda rana, su bi shi da yabo. Wai haziƙi ne, wai ƙasa ta yi asara. Ina karantawa raina yana ɓaci, domin na san masu rubutun nan ɗaya bayan ɗaya, kuma na ga haƙoransu a waje ranar da aka yi masa dariya. Amma ba su na zo yi wa tonon silili ba. Su dariya kawai suka yi. Ni ne na ba su abin dariyar.

Illiya ya zo gidanmu a Konni da rabin buhun gero, da tabarma, da wasiƙar limamin garinsu zuwa ga mahaifina. Wanda bai yi karatu a wajenmu ba, bari in gaya masa yadda abin yake. Ɗan ƙauye in ya samu makaranta a birni, sai an nemo masa mai masauki, gidan da zai ci ya kwana har ya gama. Ba a karɓar komai a hannunsa, amma akwai ƙa'idar da ba a faɗa masa, shi ma ba ya tambaya. Ba ya ɗaga murya a gidan, ba ya ƙaryata ɗan gida a gaban mutane, in an yi ɓarna an rasa mai ita yakan sunkuyar da kai a wuce wurin. Inna, mahaifiyata, ta karɓe shi hannu bibbiyu. Takan zuba masa tuwo kafin ta zuba mini, in na yi ƙorafi ta ce ni ina da uwa a kusa, shi tasa tana nesa. Shekara uku muna ɗaki ɗaya da shi.

Ajinmu ɗaya a makarantar fasaha, sashen lantarki. Ni Allah ya ba ni baki, shi ya ba shi hannu. Faransancina yana zuba ba gargada, nasa kuwa in ya buɗe baki sai ka ji Tajaye gaba ɗaya ta shigo ajin, 'yan baya su fara tari na ƙarya. Amma in rediyon malami ya mutu, ba ni ake nema ba.

A shekarar ƙarshe aka ce mu haɗu bibbiyu, kowane biyu su ƙera wani abu su kai bajekolin ayyukan ɗalibai. Illiya bai yi dogon tunani ba. Kawunsa yana da lambun albasa, kuma sau biyu injin ban-ruwansa yana lalacewa, saboda ruwan rijiya yakan janye yayin da mutum yake can ƙarshen fangali, injin ya yi ta zuƙar iska har ya yi zafi ya ci kansa. Sai Illiya ya haɗa wata 'yar na'ura a cikin gwangwanin madara, da wayoyi biyu da ake zurawa cikin rijiya. Muddin bakin wayoyin yana cikin ruwa, wuta tana ratsawa tsakaninsu, injin ya yi ta aiki. Da zarar ruwa ya sauka ya bar su, sai na'urar ta kashe injin. Wata huɗu yana fama da ita. Ni sau biyu na riƙe ƙarfen dalma, na ƙona yatsa, na ajiye. Rahoton dai ni na rubuta, kuma sunana na sa a sama.

Abin da ya sa kowa ya ɗauki bajekolin da zafi shi ne, wani kamfani ya ce zai ɗauki ɗalibi ɗaya ya yi sitaj, wato koyon aiki na 'yan watanni, wanda kowa ya san daga shi sai a ɗauke ka aiki. Wuri ɗaya ne tak. Ni in na rasa, shagon mahaifina yana nan. Illiya in ya rasa, sai cin rani, don shi ne babba a gidansu kuma tsohonsa ya daina iya riƙe hauya. Ya faɗa mini haka da bakinsa, ba zan ce ban sani ba.

Ran bajekolin da safe ya ɗauko jarka a keke, ya je har lambun wani ya ɗebo ruwan rijiya, ya juye a tsohon bokitinsa, ya zura wayoyin, ya gwada. 'Yar famfon da muka sa a madadin injin ta tashi tana feshi. Ya ɗaga wayoyin, ta mutu. Ya yi murmushi, ya ce bari ya je ya karɓo batirin da muka bari a caji, don wanda ke kai ya fara sanyi.

Yana tafiya na dubi teburorin maƙwabta. Fararen ƙyallaye, fitilu masu walƙiya, kwalaye masu fenti. Na dubi namu: gwangwanin madara da bokitin ruwa ja mai laka, har da ɗan ganye yana yawo a kai. Manyan baƙi sun fara shigowa da manyan riguna. Kunya ta kama ni. Na ɗauki bokitin na je gindin dogon yaro na zubar, na samo wata sabuwar roba fara, na shiga ɗakin gwaji na tarar da jarkar ruwan batir, garai-garai, na cika ta. Na dawo na jera komai tsaf, ina jin na ceci mutuncinmu. Wallahi a lokacin nan ban yi nufin cutarsa ba. Cutar tana gaba, kuma ita da hankalina na yi ta.

Illiya ya dawo daidai lokacin da alƙalai suka bar teburin kusa da mu. Su uku ne, amma wanda kowa ke kallo shi ne injiniyan kamfanin, wani mai tumbi da tabarau a goshi, kowa yana ce masa Mushe, wato yallaɓai da Faransanci. Na buɗe baki na yi bayani kamar ni na haifi na'urar. Na kawo wahalar manomi, na kawo tsadar gyara, har injiniyan yana gyaɗa kai. Sai ya ce a kunna. Illiya ya haɗa batir, ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, bai ga komai ba. Sai ya tsaya yana kallon robar. Ya tsoma yatsa a ruwan ya kai harshe, yadda masu lambu ke yi in suna son sanin halin rijiya. Sannan ya ɗago ya dube ni.

A cikin kallon nan na tuna darasin shekarar farko. Ruwan batir an tace shi ƙal, babu gishiri babu ƙasa, wuta ba ta ratsa shi. Na'urar ta ɗauka rijiya ta ƙafe, ta hana famfo tashi. Wato aikinta take yi daidai, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Magana guda ta isa ta gyara komai: ni na canja ruwan, a ba mu minti biyu. Ko ƙasa aka dumbuza aka zuba a robar da ta tashi.

Injiniyan ya tambaya me ya faru. Na gyara tsayuwa, na ce masa da Faransancina mai daɗi: “Tsarin nawa ne, Mushe, kuma a takarda ba shi da aibu. Haɗa wayoyin ne na bar wa abokina. Ka san hannun da ya saba da hauya sai a hankali.”

Wurin ya ɗauki dariya. Injiniyan ya sauke tabarau ya dubi Illiya, ya ce shi kuma injiniya ne ko mai ɗanɗana miya? Aka sake fashewa. Illiya ya goge yatsansa a gefen riga, ya ce, “A gafarce ni, Mushe.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ga abin da na daɗe ina ɓoyewa ko a tsakanina da kaina: kafin in buɗe baki na san ba zai ƙaryata ni ba. Ɗan masauki ne. A kan wannan na jingina na yi ƙaryata, hankalina kwance.

Da muka koma gida Inna ta tambaya, na ce na'ura ta ƙi tashi, haɗin ne bai yi kyau ba. Ta dubi Illiya da tausayi, ta ce, “Ba komi ɗana, wata rana hannunka shi iya.” Ta ƙara masa miya. Ya cinye tuwonsa tas, ya yi godiya, ya wanke hannu. Ni ne na kasa ci, amma kada wani ya yaba mini a kan wannan, washegari na ci har na nemi ƙari.

Ni aka ɗauka sitaj. Injiniyan ya ce yana son yaron da ya iya bayani. Yau ina Malbaza, ina da buro, wato ofis, mai sanyi da mutane a ƙarƙashina. Illiya ya yi shekara biyu yana cin rani a kudu, ya dawo ya kafa rumfa kusa da tasha a Konni yana gyaran injin ban-ruwa. A nan ya fara ɗaura wa masu lambu gwangwaninsa, wannan ya gaya wa wancan, har sunan ya bi shi. Ba waliyyi ba ne, kada masu yabon waya su ruɗe ku. Mutum ne mai riƙo. Abokan karatunmu in sun gaishe shi yakan amsa da hanci, bai taɓa zuwa bikin ko ɗayansu ba. Inna kaɗai yake zuwa gaisarwa duk sallah, da albasa a buhu, kuma yakan zaɓi lokacin da ba na nan.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Lambuna sun cika da faifan sola, famfunan da ake kawowa daga waje suna zuwa da abin kashe kansu a ciki, a kwali mai kyau da rubutun da ba mai karantawa. Na san abin da zai yi, zai sa sukundireba ya buɗe, ya leƙa, ya yi tsaki ya ce wayoyi biyu ne dai. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne, yanzu ni ake gayyata alƙalanci a bajekolin nan. Ina zama da biro a hannu, ina ganinsu bibbiyu, ɗaya yana zuba bayani, ɗaya yana tsaye a baya da tabon dalma a yatsu. Kuma sau da yawa sai na kama hannuna yana shirin ba mai bakin maki. Ba abin da ya canja a wurin nan sai fentin bango.

Shekara ɗaya kafin rasuwarsa na tsayar da motar aiki a gaban rumfarsa. Yana zaune a ƙasa, ya baje cikin wani inji.

“Illiya, akwai maganar da nike son in hwaɗa maka. Ranar nan ta bajekoli…”

“Ruwan batir,” in ji shi, ko kai bai ɗaga ba. “Na sani. Ai na ɗanɗana.”

“To mi ya hana ka hwaɗi?”

“Shekara ukku ina cin tuwon Inna. In tsaya gaban mutane in kunyata ɗanta? Kai ma ka san ba ni yi. Don ka sani ne ka yi.”

Na ce ya yafe mini don Allah. Ya ce in miƙo masa filayar da ke bayana. Na miƙa. Na tsaya ina jira har rana ta dame ni, shi yana ta gyaransa, na shiga mota na tafi. Daminar da ta biyo baya zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, aka kira ni jana'iza. Na tsaya a sahun gaba, mutane suna yi mini ta'aziyya a matsayin ɗan'uwansa, ina amsawa.

In an auna abin da ya rage nasa, ba shi da yawa. Babu takarda ko ɗaya mai sunansa a sama. Akwai matarsa da 'ya'ya biyu a Tajaye. Akwai gwangwanaye masu tsatsa da ke rataye a bakin rijiyoyi har yau, in ruwa ya janye ka ji inji ya yi shiru da kansa, mai lambu ya ɗago daga fangali ya ce Allah ya jiƙan Illiya. Sai kuma abu ɗaya da ni na bar masa. Duk shekara Inna takan yi masa sadakar waina, tana rabawa tana cewa, “Allah sarki Illiya, yaro mai ladabi, hannunshi ne dai bai taimake shi ba.” Shekara goma sha uku ke nan tun ranar bajekolin ina jin ƙaryata a bakin mahaifiyata, har ta zama addu'a.

Inna ba ta karatu, kuma ban so wani ya riga ni kai mata. Don haka makon jiya, kafin in aiko da rubutun nan, na je Konni na zauna a gabanta na karanta mata shi tun daga farko. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta dubi murhu, ta ce, “Ashe da tuwona ka rufe mishi baki.”

Tun shekarar da na fara aiki a Malbaza, duk Juma'a Inna takan ba direban tasha kwanon tuwo ya kawo mini. Juma'ar nan na je tasha na jira har motar ƙarshe ta shigo. Direban ya ce Inna lafiyarta lau, ya gan ta a ƙofar gida, ba ta ba shi komai ba.