Ranar da Na Sa Kwat ɗin Kaka

Wata Asabar ce a watan Janairu, ina aji biyar na firamare, aka jera bencinan coci a ƙarƙashin mangwaron gidanmu, a wani ƙauye da ke bayan Kafanchan. Akwatin gawar Kaka, mahaifin babana, yana tsakiya, matan zumunta suna waƙa suna buga tulu. Anti Saratu, ƙanwar babana, ta ja ni bayan rumbu, ta zura mini tsohon kwat ɗinsa na zamanin aikin jirgin ƙasa, ta kifa mini malafarsa, ta miƙo sanda. "Ladi, ke ne kin iya tafiyan shi. Kar ki bari a binne shi shiru kamar wanda bai da jika." A wurinmu idan tsoho ya rasu, sai jikoki sun fito sun kwaikwaye shi, sun yi masa ba'a har jama'a ta dara. Gidan da ya kai tsohonsa rami ba dariya yakan daɗe yana shan gori. Ni kuwa tun da Kaka ya cika ban yi kuka ba, ban ji yunwa ba, ban ji komai ba.

Kaka mutum ne da bai yarda a zuba rashin hankali a kwando ɗaya ba. Lokacin haƙar citta, muna zaune a kan dutse muna tsaga ta muna shanyawa, hannuwanmu suna raɗaɗi, shi aikinsa raba wa kowa suna. Akuyar da ta cusa kai a tulu ta kasa fitarwa, wauta ce, a tausaya mata. Yaron da aka sa korar tsuntsaye a gonar acca ya ɓige da langa, wannan sakarci ne, a nemo tsumagiya. Hirar masu dawowa daga gidan burkutu shirme ce, a saurara a ƙaru da dariya. Da yarenmu ma yana da wasu sunayen da Hausa ba ta kai can ba. Yakan ce, "Ba'a gishiri ne, izgili kuma guba. Wanda ka ke so ne ka ke ma shi ba'a." A makaranta kuwa malaminmu kalma ɗaya gare shi. Ka makara, ka yi surutu, ka yi yare a aji, duk "nansens" ne. Da na kawo ta gida Kaka ya yi dariya har da tari, wai ashe Bature talaka ne, miya ɗaya yake ci safe da yamma. Yana kirana amaryarsa mai ƙafar sauro, ina ce masa tsoho mai giɓi kamar ƙofar rumbu, haka muke yini.

Da fasto ya rufe Littafi, Anti Saratu ta tura ni fili. Kwat yana jan ƙasa. Na ranƙwafa, na ja ƙafar hagu yadda yake ja, na tsaya na yi kakin nan nasa mai tsawo. Na nuna wani dattijon coci da ke gyangyaɗi da sanda, na ce da muryar Kaka, "Wannan ba wauta ba ne, sakarci ne!" Wuri ya kece. Mata suna riƙe ciki, fasto ya ɓoye fuska a bayan hankici, babana yana dariya hawaye na bin gemunsa. Na buga akwatin na ce ya tashi, citta tana jiran tsagawa, ragon banza. Duk ina jin muryar tana fita daga bakina kamar a gidan maƙwabta ake magana. Ban ji daɗi ba, ban ji zafi ba. Kakata, matarsa, ta riƙo hannun kwat ɗin ta ce, "Ya isa, 'yata. Yanzu ya tafi da kyau." Na cire na ninke, na je na ba akuyoyi ruwa.

Bara muka binne babana. An yi riguna masu hotonsa, an kawo kanofi da manyan lasifika. 'Ya'yana sun taso a Sabon Tasha, a makarantar da ake koya wa yaro cewa yi wa babba dariya rashin tarbiyya ne, kuma ni da kaina na sha kwaɓarsu da Turanci idan sun ja wa kakansu gemu. Na ba babban ɗana hular Baba, ya juya ta a hannu, ya tambaye ni a ina zai ajiye. Na tsaya bakin rami ina jira ko wani cikinsu zai ja ƙafa, ko ya yi tarin ƙarya. Suka jera a nutse, hannu a baya, ba wanda ya motsa.

Haka aka rufe Baba cikin ladabi, kamar baƙo.