Mai Wanke Madubin Tauraro

A wurin aiki Sannu-Sannu suke kiranta, don ba wanda ya taɓa ganin ta ɗauki wani abu da gaggawa. 'Yar mai gyaran agogo ce. A shagon mahaifinta ta koyi riƙe ƙaramin hantsaki ba tare da hannu ya yi rawa ba, kuma wannan hannun ne ya kai ta cibiyar binciken sararin samaniya, da farko a matsayin mai wanke kwalaben gwaji, daga baya aka shigar da ita ɗaki mai tsabta.

Ɗakin ba taga. Kafin ta shiga sai ta saka farar riga mai haɗe da wando, da hula, da takunkumi, da safar hannu biyu-biyu. An hana turare, an hana man shafawa, an hana hoda. Shekara bakwai fatar hannunta tana tsagewa, ƙafafunta suna kumbura saboda tsayuwa. Aikinta madubai huɗu ne, kowanne bai fi tafin hannu ba, waɗanda za a ɗaura cikin wata na'ura a kan tauraron ɗan'adam.

Farfesa, shugaban aikin, ya taɓa yi mata bayani a bakin ƙofa. Can sama, inda iska ta sirance har ta kusa ƙarewa, idan rana ta buge ta sai ta fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda suke kira altirabayolet. Daga yanayin hasken ake gane zafin wurin. Amma haske ne mai tsirfa: maiƙon yatsa ɗaya a kan madubi ya isa ya shanye shi.

Da ta maimaita wa mahaifiyarta, tsohuwar ta ajiye carbi ta dube ta.

"Ke 'yar nan, wai duk wannan wahalar don a san ko sama da zafi? Su fito waje da tsakar rana mana."

"Inna, ba wannan saman ba. Na can gaba."

"To wa ke zaune a can da zai yi gumi?"

Maigidanta, wanda telan kayan makaranta ne, ya yi dariya har ya soke yatsa da allura. Ita ko murmushi kawai ta yi, ta ci gaba da jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi.

Saura wata biyu a miƙa na'urar, aka saka ta cikin tukunyar ƙarfe da ake zuƙe wa iska don gwaji. Hasken da ya isa idon na'urar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Aka kwance komai, aka ga wani ɗan hazo a kan madubi na uku. Injiniya, wanda ya haɗa gangar jikin na'urar, ya kira ta gaban mutane.

"Malama, ki faɗa mana gaskiya. Kin shafa wani abu?"

Ta cire safar, ta miƙa masa hannuwanta. Duk sun yi fari, sun tsattsage.

"Yallaɓai, duba da kanka."

Ya kawar da kai. "Ni dai na san madubi ba ya datti da kansa."

Ta sa sabuwar safar hannu. Ta wanke madubin, aka mayar, aka gwada, hazon ya dawo. Ta sake. Sau tara tana yi, kowane wanki yini guda a tsaye, wuya a lanƙwashe. Aka sa wata ma'aikaciya ta riƙa tsayawa a bayanta tana kallon hannunta, wannan kuwa ya fi tsayuwar ci mata rai. A gida ta daina hira. Maigidan ya ce, "Maman yara, ki bar musu kayansu mana." Ta ce idan ta bari yanzu, ta amsa laifin ke nan.

A wanki na tara ne ta lura hazon ba a tsakiya yake farawa ba. Kullum daga gefen hagu yake tasowa, kusa da inda aka liƙa wata waya da baƙin gam. Ta je ofishin Farfesa ta tsaya har ya gama waya.

"Ranka ya daɗe, ni ba ilimin abin nake da shi ba. Amma da hannuna ne, da ba gefe guda zai riƙa zaɓa ba."

Aka gwada gam ɗin shi kaɗai. Ashe da zarar an zuƙe iska sai ya fara fitar da tururi, tururin ya kwanta a kan madubin. Injiniya ne ya zaɓe shi. Bai ba ta haƙuri ba, sai dai washegari ta tarar an kawo mata kujera mai tsawo a gaban teburinta, aka ce shi ya sa a kawo. Ta zauna a kai, don ƙafafunta ba su da halin yin fushi.

Sau uku ana ɗage ranar harbawa. Ranar da roka ta tashi, a talabijin ɗin ɗakin taro ta gani, tana tsaye a baya kusa da masu shara. Bayan wata huɗu Farfesa ya tara su ya nuna hoton farko: duniya kamar faranti, ja a wani gefe, kore a wani. Ya ce a can zafin ya kai ɗaruruwan digiri, amma da mutum zai miƙa hannu ba zai ƙone ba, saboda iskar ta yi ƙaranci. Aka tafa. Ya ambaci sunaye da yawa, nata ya zo kusa da ƙarshe. Ta yi ta neman farin ciki a ranta, abin da ta samu kawai shi ne sha'awar ta kwanta.

Da aka watse ya tsayar da ita. An amince da na'ura ta biyu, madubai shida, shekara shida.

"Ba mu da wani hannun sai naki, Malama."

"Ranka ya daɗe, shekara biyu zan iya. A ba ni mata biyu in koya musu, kuma kada a sa kowa ya tsaya musu a baya."

Ya ce to.

Haka aka yi. Ta cika shekara biyun daidai, ta miƙa makullin akwatin kayan aikinta. Amma a wannan yammacin da suka yi maganar, ta hau bas ɗin gida ta samu wuri kusa da taga, barci ya kwashe ta tun kafin a fita daga layin cibiyar. Sai a tashar ƙarshe kwandasta ya ƙwanƙwasa kujerar.

"Hajiya, an iso. Nan ne ƙarshe."

Ta sauka, ta duba ko'ina ba ta gane unguwar ba. Ta tsallaka titi, ta zauna a kan bencin siminti tana jiran motar komawa.