Lanƙwasar Wayar Kawu Sale

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, mai gyaran rediyo da waya a bakin kasuwar Gaya. Ina da shekara goma sha biyu lokacin. Har yanzu idan na ji ƙaurin dalma, sai in ga kamar zan waiwaya in same shi a kan bencinsa, hula ta zame baya, hayaƙi siriri yana tashi gaban fuskarsa.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ba ni da surutu, shi ma haka. Mukan zauna shiru, ina kallon 'yan baƙaƙen ƙwayoyin nan masu ƙafafu da masu gyara ke kira aisi. A idona allon da suke zaune a kai gari ne da aka hango daga sama, da tituna na azurfa da gidaje marasa ƙofa. Nakan yi tunanin su waye ke kwana a ciki.

Shi ya ƙera akwatin da ke cajin waya goma da farantin sola ɗaya ba tare da ko ɗaya ta ƙone ba. Wata aisi ce zuciyar akwatin, daga Kano yake saro ta. Wata shekara ta daina zuwa. Mai shagon ya ce masa kamfanoni biyu ne a ƙasar waje suke shari'a, ɗaya yana cewa ɗayan ya saci fasaharsa, kotu ta hana sayarwa. Kawu ya dawo da jaka babu komai, ya daɗe yana juya maganar.

"Uwata, ji wani abu. Mutane biyu na faɗa a inda ban taɓa zuwa ba, ni kuma a Gaya an ɗaure mini hannu."

Abin ya ba shi mamaki ne saboda a wajenmu ba haka ake yi ba. Idan manomi ya samo irin gyaɗa mai kyau, yakan ba maƙwabci kwano guda, maƙwabci ya ba wani. Haƙƙinsa ɗaya ne: irin ya ci sunansa. Har gobe a Kademi ana shuka gyaɗar da ake kira da sunan mutumin da jikokinsa ma sun tsufa. Kawu ya ce shi ma abin da yake so ke nan. Daga baya ya ciro wata aisi daga matattun rediyoyi, ya sake tsara akwatin, ya koya wa duk wanda ya tambaya.

Kwanan nan na ji a rediyo an sake irin wannan shari'a, an tare kwamfutoci a bakin ruwan wata ƙasa. Da Kawu na nan, me zai ce? Ina jin ba zai goyi bayan mai kwaikwayo ba, ba kuma zai goyi bayan mai kulle ƙofa ba. Zai tambaya ko an ambaci sunan wanda ya fara zana abin, shi kansa mutumin, ba kamfanin ba.

A hutun da ya wuce na raka Inna kasuwar Ajingi. Kusa da tashar motocin Kano na ga irin akwatin Kawu a teburin wani mai caji. Sabo ne, fentinsa kore, an rubuta sunan mai teburin a jiki. Ina ji yana gaya wa wani cewa shi ya ƙirƙiro shi. Murfin a buɗe yake saboda zafi. A kusurwar hagu na ga wata jar waya a lanƙwashe kamar ƙugiya, ba ta haɗe da komai.

Na wuce. Na dawo. Na sake wucewa. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu. Amma na san idan na tafi, sunan Kawu ya tafi.

"Baba, sannu da aiki. Wannan jar wayar, mene ne aikinta?"

"Ita ke daidaita wuta, 'yan mata. Ba karatun boko ba ne wannan."

"Ba ta daidaita komai. Nan Kawuna yake rataye tabaraunsa."

Mutumin da ke jiran wayarsa ya kwashe da dariya. Mai teburin ya kalli wayar, ya taɓa ta da yatsa, ta motsa. Sannan ya dube ni.

"Ke 'yar gidan Sale ce? Allah ya jiƙansa. Akwati bakwai na yi, kowanne sai da na lanƙwasa masa ita. To yanzu kotu za ki kai ni?"

Na ce a'a, ya yi ɗari ma idan ya so. Sunan kawai.

Bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. Amma Inna ta koma kasuwar bayan mako biyu, ta ce an goge rubutun, an sa wani da farin fenti: Ɗan Sale. Ta ce har ta ji wata mata tana cewa a sa mata wayarta a Ɗan Sale.

Kawu bai bar takarda mai hatimi ba, bai bar shago ba, bencin ma an yi itace da shi. Na tambayi Inna ko an cire jar wayar, tunda an gane ba ta da amfani. Ta ce tana nan. Mai teburin tabaraunsa yake ratayewa a kai.

Allah ya kai haske kabarinka, Kawu.