Tulun Kaka na Ƙarshe

A Jiratawa, ranar gashin tukwane ita ce ranar tatsuniya. Bayan magariba wuta ta lafa, tukwane na ja cikin toka, mu jikoki mu kewaye Kaka Dije, hannuwanta na ƙamshin yumɓu. Ni take fara tsokana: "Angona, matso. Ragon mijin ga, ko kara guda bai ɗauko mani ba!"

Tatsuniyar da na fi so ta wata tukunya ce marar uwa. Maginiya ta yi ta da sabon yumɓu zalla. Da aka kai ta wuta, sai wuta ta ce, "Ɗiyar wa ce ke?" Tukunya ta rasa amsa, ta tsage. Maginiya ta yi kuka har Gulbi ya ji tausayinta, ya ce ta daka tsohuwar tukunya ta cuɗa cikin yumɓun. Da wuta ta sake tambaya, sai tsohuwar ta amsa daga ciki: "Ɗiyata ce, bar ta ta wuce." Barci kan ɗauke ni ina jin tukwane na ƙas-ƙas, na ɗauka sunayen iyayensu suke faɗi.

Na girma, na tafi jami'a a Yamai, ina rubutun kammala karatu kan ginin tukwane. Shekarun yajin aiki ne, yau a buɗe, gobe a rufe. A wani zaman jiran da na yi a Maraɗi Kaka ta rasu. Tulunta na ƙarshe ya tsage a wuya, malamina kuwa ya riga ya yi masa wuri cikin akwatin gilashi a jami'a. Ya ce shi ne ƙashin bayan aikina, in ba shi sai na sake lale.

Na je ɗauka, na tarar Inna Hajo, ƙanwar mahaifiyata, ta jawo turmi.

"Kai shi Yamai in kana so, ɗana," ta ce. "Amma can wa za shi haihwa?"

Na daɗe rungume da shi, raina na ciwo ƙwarai. Sannan na sa shi cikin turmin, na karɓi taɓarya.

Aikina ya ƙara shekara. Tuluna tara Inna ta gina da garin tulun cuɗe cikin sabon yumɓu, aka sayar a kasuwar Tsibiri. Har yau in aka ba ni ruwan tulu mai sanyi a gidan da ban sani ba, sai in sha a hankali, don ban san ko hannun Kaka ne ke shayar da ni ba.