Ranar da Goggo ta juya mini kek

Shekarar da mutanen Mubi suka gudo Yola, gidanmu na unguwar Adarawo ya samu nasa rabon baƙin. A cikinsu akwai Goggo, yayar mahaifina, wadda ta yi shekara talatin tana suyar masa a ƙofar gidanta. Da faɗa na san ta, ko tsintsiya ka ajiye a karkace sai ta tanka. Amma wadda aka sauke mana daga bayan a-kori-kura wata ce daban. Ta samu gindin mangwaro ta zauna, ta zuba wa ƙofar gida ido. In an kai mata abinci ta taɓa kaɗan ta ture, in an gaishe ta ta ɗaga hannu. Sati uku ana haka, har wuyanta ya zurma. Na ji tsoro ƙwarai, don na ga tsofaffin da suka tsira da ƙafarsu, zaman shiru ya ƙarasa su.

Ana cikin haka bikin ƙanwar maigidana ya taso. Amarya ta ga ƙananan kek masu siffar zuciya a wayar ƙawarta, ta kafe sai an sa mata su a gara tare da alkaki da cincin. Ni ce mai kek a dangi, don haka aikin ya faɗo kaina. Sai da na zagaye kasuwar Jimeta ƙafata ta yi tsami kafin na samo gwangwanayen gashi masu siffar zuciyar, guda goma sha biyu.

A lokacin da tukunya nake gashi: yashi a cikinta, gawayi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Dokar aikin ɗaya ce, ba a buɗe murfi sai ƙamshi ya cika gida, in ba haka ba kek ya kwanta. Ran nan na buga bota da sukari har hannuna ya sage, na fasa ƙwai, na zuba fulawa. Na jera zubin farko na rufe, na shiga ɗaki yin azahar.

Ina sallamewa na ji ƙarar murfi. Na fito da sauri na tarar da Goggo a kan kujera 'yar tsugunno, murfi a ƙasa, cokali a hannunta. Ta riga ta juya guda bakwai, tana bin gefen kowane gwangwani da man gyaɗa. Ɗanyen kwaɓi ya malale a kan yashi.

Ni ba ni da haƙuri a kan aikina, kowa a gidan ya sani. Na buɗe baki ke nan ta riga ni.

"Wane ne ya koya maka suya?" in ji ta da Hausarta mai mayar da kowa namiji, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ka zuba abu a wuta ka tafi yawonka. Ba mai, ba juyawa. Haka mamanka yake yi?"

"Goggo, ba masa ba ce. Kek ne, ba a juya shi."

"Gefe ɗaya za a ci? Kuma dubi ramin tandan naka, kunne biyu da tsini, cokali ba ya zagayawa. Wanda ya ƙera wannan bai taɓa suya ba."

Sai na ji fushin ya sauka gaba ɗaya. Tunda ta zo ban ji ta haɗa kalma biyar ba, ga ta tana zazzaga mini masifa kamar dā. Na jawo kujera na zauna kusa da ita, na bar ta ta juya sauran biyar ɗin. Suka fito a daskare, sharkaf da mai, ba zuciya ba dalilinta. Ta gutsuri ɗaya ta ce sukari ya yi yawa, ta cinye, ta ɗauki na biyu.

A zubi na gaba na lallashe ta da cewa wuta nake so ta riƙe mini, ita ce ban iya ba. Kuma gaskiya ce. Tafin hannu kawai take karawa a saman murfi ta ce a rage garwashi ko a ƙara. Na yi ta tsare murfin da ido, ita tana mita. Da muka buɗe, ga su sun taso jajir, kowace zuciya da tsininta. Goggo ta duba ta ce da an juya da sun fi haka.

Yanzu da na'urar gas nake gashi, ana zuwa har daga Ngurore a ce in yi na biki, amma ban sake samun launi irin na ranar ba. Mun yi zubi shida kafin mu tashi. Ina wanke gwangwanaye, la'asar ta yi sanyi, sai na ji muryarta daga madafa tana buɗe tukwane, tana tambaya ko a gidan nan ba a san lokacin tuwo ba ne, ita yunwa take ji.